Albarushin da bai ƙone ba a cikin libarba: amsa ga sabon mai ɗura harsashi

Wani ɗan'uwa da ke zaune a Houston, a jihar Texas ta Amurka, ya aiko da tambaya. Bai daɗe da fara ɗura harsashinsa da kansa ba, kamar yadda masu zuwa filin koyon harbi da yawa ke yi a can don rage kashe kuɗi. Libarba ce da shi mai bututu inci 4, yana ɗura mata harsashin .38 Special da dalma mai shafen jan ƙarfe mai nauyin giren 125 (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne da ake auna dalma da albarushi da shi), da albarushin HS-6, a kan awo mafi ƙanƙanta da littafin ɗuri ya bayar. In ya yi harbi sai ya tarar da 'yan ƙwayoyi rawaya-rawaya a cikin bututu da kan tebur, kwanson harsashin ya fito da baƙi a gefensa, wani lokacin ma silinda, wato ɓangaren libarba mai juyawa da ake jera harsasai a ciki, ta ƙi rufuwa. Yana so ya sani: ya ƙara albarushi ne, ko ya canza firama, wato 'yar hular da ke gindin kwanso mai kunna albarushi in an buge ta, ya koma mai ƙarfi da ake kira magnum?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Ka kyauta da ka tsaya ka tambaya kafin ka taɓa awo. Alamomin nan uku da ka lissafa duk magana ɗaya suke yi: matsin da ke tasowa a cikin kwansonka bai kai wanda wannan albarushin yake buƙata ya ƙone sarai ba. Ƙarin albarushi zai iya taimakawa, amma a cikin iyakar littafi kawai, kuma ba shi ne abin da zan fara da shi ba.

Bari in fara da yadda abin ke ƙonewa, don in ka gane wannan, sauran za su zo maka da sauƙi. Albarushin zamani ba irin baƙin nan ba ne da maharba ke ɗura wa bindigar toka. Wancan ko a fili ko a rufe, fat ɗaya yake tashi, kuma fiye da rabin nauyinsa toka da dauɗa yake komawa. Na zamani, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya fara haɗawa a 1884, saurin ƙonewarsa ya dogara ne da matsin da ya kewaye shi. Kowace ƙwaya daga bayanta wuta ke cinta zuwa ciki. Matsi ya hau, wutar ta ƙara sauri, ta ƙara haifar da matsi. In matsin ya faɗi kafin wuta ta gama da ƙwayar, sai ta mutu a rabi. Waɗannan rawaya-rawayan da kake gani su ne: baƙin shafen da ke bayansu ya ƙone, cikin ya rage. Ka ɗauki ɗaya ka murza tsakanin yatsunka. In toka ce za ta narke ta bar maka baƙi a yatsa, in ƙwaya ce za ka ji ta da tauri kamar yashi. Tun da zancen bindigar toka ya shigo, in faɗa wa masu karatu na gida: albarushin zamani ba ya shiga bindigar toka ko kaɗan, ko da ɗan cokali ne, don fasa ta yake yi a hannun mai ita.

Shi kansa na zamanin iri-iri ne. Akwai mai saurin ci, irin su Bullseye, Titegroup, Winchester 231 da Vihtavuori N320. Akwai na tsaka-tsaki irin su Unique da Power Pistol. Akwai mai nawa, irin su 2400, IMR 4227 da H110. Kamar kara ne da gungumen itace: kara da ashana ɗaya ya kama, gungume kuwa sai murhu ya yi zafi sosai, in ba haka ba ya yi ta hayaƙi ya bar maka gawayi. HS-6 ɗinka ya fi karkata wajen masu nawa a cikin na ƙananan bindigogi, kuma irin mai ƙwayoyi dunƙule-dunƙule ne da aka shafa wa sinadarin rage saurin kamawa. An san shi da dauɗa in aka yi masa ɗuri mai sauƙi, yana kuma tsabtacewa in matsi ya hau.

To ga inda gizo ke saƙar. Hukumar SAAMI, wadda tun 1926 take tsara ƙa'idojin harsashi a Amurka, ta sa iyakar matsin .38 Special a psi 17,000 (psi ma'aunin matsi ne), mai alamar +P kuma, wato mai ƙarin ƙarfi, psi 20,000. Kwatanta da .357 Magnum da 9mm Luger, waɗanda kowannensu iyakarsa psi 35,000 ce. Wato ko ka kai ƙarshen abin da littafi ya yarda, kana kan rabin matsin 9mm ne. Sannan .38 Special tun ƙarshen ƙarni na 19 aka ƙirƙiro shi don baƙin albarushi, shi ya sa kwansonsa yake da zurfi, awon zamani ya kwanta a cikinsa ya bar fili da yawa. Haka ma .45 Colt na 1873, mai iyakar psi 14,000. Kai kuma ka haɗa abubuwa huɗu wuri guda: kwanso mai faɗin ciki, albarushi mai nawa, awo mafi ƙanƙanta, da dalma mara nauyi wadda da ɗan turi ta bar wurin. Da ba ka ga ƙwayoyin nan ba ma da na yi mamaki.

Baƙin da ke gefen kwanso shi ma shaida ne. Kwanson tagulla an yi shi ne ya kumbura ya manne da bangon ɗakinsa, wato ramin da yake zaune a cikin silinda, a lokacin harbi, ya toshe hanya. In matsi bai isa ya kumbura shi ba, hayaƙi sai ya biyo ta baya ya shafe shi.

Shin akwai haɗari? 'Yan ƙwayoyi kaɗan ba komai ba ne, har harsashin kamfani yana bari. Abin da nake so ka sa wa kunne shi ne ƙara. In harbi ɗaya ya yi ƙara sosai, na gaba ya yi sanyi, kana gab da matsala mafi muni a wannan sana'a, wato dalma ta maƙale a cikin bututu. Duk lokacin da ka ji ƙara ta yi rauni, ko bugun bindigar a hannunka ya ragu, ko ba ka ga sabon rami a takardar saiti ba, ka cire yatsa daga kunama, ka ci gaba da nuna bakin bindiga gaba na ɗan lokaci, sannan ka buɗe ta ka zazzage, ka zura sanda a bututu ka tabbata ta fita ta ɗaya ɓarin. Harbi na biyu a kan dalmar da ta maƙale yana kumbura bututu ko ya tsaga shi, yatsu da idanu kuma suna nan kusa.

Ƙin rufuwar silinda kuwa abu ne mai sauƙi. Ƙwayoyin suna faɗawa ƙarƙashin tauraron nan da ke turo kwansuna waje, ƙwaya ɗaya tak ta isa ta hana shi komawa mazauninsa. Ka riƙa ɗaga bakin bindiga sama sosai sa'ad da kake fitar da kwansuna, ka buga sandar fitarwa da ƙarfi sau ɗaya, don tarkacen ya zube tare da kwanso. Ka ajiye tsohon buroshin haƙori a jakarka, ka riƙa share ƙarƙashin tauraron, kuma kada ka sa mai a wurin, don mai ke riƙe su.

Kafin ka canza komai, ka tabbata abin da kake zaton kana zubawa shi ne yake shiga. Giren ɗaya bai wuce kashi 1 cikin 7,000 na fam ba, kusan giram 0.065, don haka ɗan kuskuren sikeli babba ne a nan. Ka gwada sikelinka da duwatsun gwaji masu sanannen nauyi, nesa da fanka da iskar na'urar sanyaya ɗaki. Ka zuba awo goma daga mazubin albarushi, ka auna kowanne shi kaɗai. In suna hawa da sauka, gyaran yana wajen mazubin, wataƙila sabo ne da sauran man kamfani a cikinsa, ko hannunka ba ya jan mariƙin iri ɗaya kowane lokaci. Sannan ka koma littafin ka duba layin da ka ɗauka: nauyin dalma ɗaya ne da taka, irinta ɗaya ne, tsawon harsashin da suka rubuta shi ne naka? Dalma mai shafen jan ƙarfe ba daidai take da mai cikakkiyar rigar ƙarfe mai kauri ba, kuma masu yin ta suna faɗin irin awon da za a bi. Ka haɗa aƙalla tushe biyu, littafin kamfani irin Lyman ko Hornady ko Speer, da bayanan da Hodgdon, mai sayar da HS-6, ya wallafa a shafinsa.

Daga nan sai riƙon kwanso, kuma a nan nake so ka daɗe, don a nan sababbi suka fi yin asara ba su sani ba. Firama ita kaɗai tana da ƙarfin da za ta tura dalma gaba. In kwanso bai riƙe dalmar gam ba, tana motsawa tun albarushi bai gama kamawa ba, fili ya ƙaru a bayanta, matsi ya kasa taruwa. A libarba abin ya fi tsanani, don dalma tana wuce ratar da ke tsakanin silinda da bututu, wani ɓangare na iskar ya tsere ta nan. Albarushi mai nawa yana buƙatar a tsare dalmar na ɗan ƙiftawar ido har wuta ta kankama.

Mutane da yawa suna zaton naɗe bakin kwanso ne ke riƙe dalma. Asalin riƙon daga ƙarfen farko na injin ɗuri yake zuwa, wanda ke matse kwanso ya koma ƙasa da kaurin dalma. Ka tabbata an ɗaura shi yadda takardarsa ta ce, yana sauka har ƙasa. Ƙarfe na biyu, mai buɗa baki, shi ne sababbi ke wuce gona da iri da shi, su buɗe bakin ya yi faɗi har dalma ta faɗa ciki da kanta. Buɗawar da ake so ita ce wadda dalma za ta ɗan zauna a kai ba ta faɗi ba, ba ta kuma karce ba in ana tura ta. Ka gwada haka: ɗura guda ɗaya ba firama ba albarushi, ka auna tsawonsa da ma'aunin kalifa, ka dafa kansa a jikin tebur ka danna da babban yatsa da ƙarfi, ka sake aunawa. In ya ragu, riƙon bai yi ba. Ka auna kaurin dalmar ma. Ta .38 mai riga inci 0.357 ce, ta zallar dalma galibi 0.358, ta 9mm kuwa 0.355. Ana samun wanda ya sayi ta 9mm mai nauyin giren 124 ko 125 ya ɗura a .38 bai lura ba, ga ta ba ta riƙu a kwanso ba, ga iska na wuce ta a bututu.

Bayan riƙo sai naɗi. Harsashin libarba ana naɗe bakinsa ne ya shiga cikin tsagin da ke jikin dalma. Matsalar dalma mai shafe ita ce da yawanta ba su da tsagin, shafen kuma siriri ne, naɗi mai ƙarfi yana yanka shi. Don haka irin taka ba ta karɓar naɗin da HS-6 zai so. Ka ciro guda ɗaya ka duba: ɗan zane a jikinta ba laifi, amma in ka ga farar dalma ta leƙo, ka wuce. Wani gwajin da ake yi a filin harbi: ka cika silinda, ka auna tsawon na ƙarshe ka yi masa alama, ka harba sauran, ka ciro shi ka sake aunawa. In ya ƙara tsawo, bugun bindiga na zare dalmarka, riƙo da naɗi sun gaza. Kuma in kwansunanka tsintuwa ne daga kamfanoni daban-daban, tsawonsu ba ɗaya ba, naɗin ma ba zai zo ɗaya ba. Ka ware na kamfani ɗaya don gwaji.

Ga masu ɗura 9mm ko .45 ACP, hukuncin daban ne. Waɗannan da bakin kwanso suke tsayawa a ɗakin harsashi, don haka ba a naɗe su, tsuke bakin kawai ake yi a mayar da buɗawar da aka yi. Ƙara tsukewa ba ya ƙara riƙo, yana ma rage shi, saboda tagulla tana ɗan dawowa bayan an matse ta, dalma kuwa in ta matsu ta matsu ke nan. Kuma kada wani ya ce maka ka tura dalma ciki fiye da yadda littafi ya ce don matsi ya hau. Zai hau, amma a ƙaramin kwanso irin na 9mm hawan ba shi da linzami.

In sikeli ya yi daidai, riƙo ya yi daidai, to sai a zo ga ƙarin awo. Awon farko a littafi wurin tashi ne, ba a ce nan za ka zauna ba. Ka hau kaɗan-kaɗan, ka ɗura 'yan ƙalilan a kowane mataki, ka rubuta a jikin kwali, ka harba daga ƙasa zuwa sama kana duba bututu da kwanso. Sau da yawa za ka ga baƙin gefen yana raguwa. Amma iyakar littafi ita ce iyaka. Kada ka ce za ka ci gaba har sai firama ta baje ko kwanso ya ƙi fita, don a harsashi mai ƙaramin matsi irin .38 Special waɗannan alamomin ba sa bayyana sai an riga an wuce iyaka da nisa. Awon +P kuma sai in an rubuta a bindigarka ko takardarta cewa tana ɗauka.

Ni dai a ganina, in burinka harbin takarda ne da ɗuri mai sauƙi, kana wahalar da kanka ne da HS-6. Ka ajiye shi don ɗuri mai ƙarfi ko don 9mm, ka nemi mai sauri irin Winchester 231, ko HP-38 wanda abu ɗaya ne da shi a wata gwangwani, ko Bullseye, ko N320. Waɗannan suna kai matsinsu da wuri, suna ƙonewa da kyau a inda .38 Special ke aiki. Sai dai su ma da nasu sharrin, kuma ya fi na dauɗa: awonsu ƙanƙane ne, kwanson .38 zai ɗauki ninki biyu har da sauran wuri, ido bai lura ba. Zubi biyu na albarushi mai sauri yana tarwatsa silinda. Don haka ka jera kwansunan a faranti bayan zubi, ka haska fitila ka leƙa kowanne ɗaya bayan ɗaya kafin ka ɗora dalma, kuma gwangwani ɗaya kawai zai zauna a kan tebur a lokaci guda. Wata hanyar ita ce komawa dalma mai giren 158 mai tsagi, wadda da ita aka fi sanin wannan harsashi. Nauyinta na tsare matsi, tsaginta na karɓar naɗi. Amma sabon layi za ka nema a littafi, don dalma mai nauyi awonta ya fi ƙanƙanta.

Maganar firama ta magnum, irin CCI 550 a madadin 500: gaskiya ne tana taimaka wa albarushi mai dunƙulallun ƙwayoyi ya kama, musamman cikin sanyi. Ka duba wacce littafinka ya yi gwaji da ita, ka bi shi. In ka canza firama, ka koma awon farko ka sake hawa, don matsi na canzawa. Ba za ta mai da albarushi mai nawa ya zama mai sauri ba. Abin da ya fi yawan kawo matsala shi ne zaman firamar: ta shige har ta taɓa ƙasan raminta, ta ɗan nutse ƙasa da gindin kwanso yadda in ka shafa da yatsa za ka ji. Wadda ba ta zauna ba, bugun farko ƙarasa tura ta yake yi, wutarta ta fito da rauni.

Akwai albarushi ɗaya da nake gargaɗin kowane sabo a kansa, ko da ba shi ka tambaya ba: H110, wanda shi ne Winchester 296. Na .357 da .44 Magnum ne a cikakken ƙarfi, yana son firama ta magnum da naɗi mai kyau, kuma masu shi sun daɗe suna hana a rage shi ƙasa da abin da suka rubuta. In aka rage, yakan ƙi kamawa, firama ta tura dalma cikin bututu ta bar dunƙulen albarushi a bayanta.

In ƙwayoyin da kake gani sun dunƙule ne kamar sun jiƙe, to ba matsi ba ne, gurɓata ce. Wanda ke wanke kwanso da ruwa ya tabbata ramin firama ya bushe ƙarau, don nan ruwa ke ɓuya. Wanda ke gogewa da garin totuwar masara ko ɓawon gyaɗar turawa ya leƙa ƙaramar kafar wuta, ɓarɓashi na toshe ta. Man shafa kwanso da man bindiga duk suna kashe albarushi da firama. Garejin Houston kuma, da zafinsa da laimarsa, ba wurin ajiya ba ne. Ka bar albarushi a gwangwaninsa na asali, a rufe, a wuri mai sanyi, kada ya kwana a mazubi. Lafiyayye yana da ɗan ƙanshin sinadari mai daɗi-daɗi. In ka ji wari mai yaji yana hawa hanci, ko ka ga jan ƙura kamar tsatsa, ya lalace, kada ka ɗura shi.

Za ka ji masu cewa a cusa auduga ko wani abu a cike filin kwanso don albarushi ya tsaya kusa da firama. Kada ka yi. Gaskiya ne wurin da albarushin ya kwanta yana canza ƙonewa, kana ma iya gani da na'urar auna gudun harsashi, amma maganinsa zaɓen albarushin da ya dace ne. Tsawon bututu kuwa ba shi ne laifin ba a inci 4, don matsi yana kai ƙololuwarsa tun dalma ba ta yi nisa ba.

Abu biyu a gefe. Ƙwayoyin da ke zuba a ƙasa har yanzu albarushi ne, taruwarsu na tayar da gobara a filayen harbi na cikin gini, don haka a gida da tsintsiya da jiƙaƙƙen tsumma ake kwashe su, ba da injin zuƙar shara ba. Sannan doka: a Amurka ɗuri don amfanin kai ba ya buƙatar lasisin tarayya, amma sayarwa na buƙata, kuma wanda ke zaune da bizar wucin gadi, irin ta ɗalibai, dokar tarayya ta hana shi mallakar bindiga da harsashi sai a wasu keɓantattun halaye, kamar mai lasisin farauta. A Najeriya kuwa Dokar Bindigogi ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin makaman da aka haramta sai da izini na musamman, don haka wannan sana'a ba ta tsallakawa gida.

Waɗanda ka riga ka ɗura fa? In ƙararsu na zuwa iri ɗaya, dauɗa ce kawai damuwarsu, kana iya harbe su a hankali kana duba bututu. In kuwa ka taɓa jin ɗaya ya yi sanyi, ka kwance sauran da gudumar cire dalma, irin ta roba da ake sa harsashi a ciki a buga a kan katako, da tabarau a idonka. Ka auna abin da ya fito daga kowanne ka rubuta, don nan za ka gane ko mazubinka ne ke yi maka wasa. Albarushin da ka tabbata da sunansa ya koma gwangwaninsa, wanda kake shakka a kansa kada ya sake shiga kwanso. Kwansunan kuma sai ka sake matse su kafin sabon ɗuri, ka cire allurar fitar da firama tukuna in firamar na ciki, don riƙonsu ya saki tun da aka zare dalma.